Na Je Khartum Ƙwato Zanen Lallena

Mun tashi da asuba daga Mai Wurno, ni da ƙawata malamar makaranta, ko shayi ban tsaya sha ba don raina a ɓace yake. Ku da kuke bin shafina kun ga na yi shiru kwana biyar, wasu har sun turo suna tambaya ko ciwo ne ya kwantar da ni. Lafiyata ƙalau. Ɓarauniya aka kira ni a kan zanen da na yi da hannuna, shi ya sa na yafa tob, mayafinmu na matan Sudan, na nufi Khartum.

Bari in warware wa waɗanda ba su san farkon maganar ba. Ni mai zanen lalle ce, hannana kamar yadda ake ce mana a nan, shekara goma sha ɗaya ina yi. Bana biki ya yi ƙaranci, wanda aka yi ma sai amarya ta ce a ɗan taɓa mata yatsu kawai saboda tsada. Hotunan zanena kuwa kuna ta danna musu alamar so, na gode, amma alamar so ko albasa ba ta saye. Hanyoyin da masu zane na wasu ƙasashe ke karɓar kuɗi daga waje, mu da zarar ka rubuta Sudan sai a rufe maka ƙofa. Ƙawata ce ta kawo mini labarin NFT. Ta ce ki ɗauke shi kamar takardar shaidar mallaka amma ta yanar gizo. Za ki zana a takarda, ki ɗauki hoto, ki yi masa rajista a wani babban kundi da ake kira bulokcen, wanda kwamfutoci masu ɗimbin yawa ke riƙe da kwafinsa, don haka babu mai iya goge abin da aka rubuta. Wanda ya sayi shaidar, kuɗinsa zai shigo asusun da ke wayarki kai tsaye, in ma ya sake sayar wa wani, akwai kason da zai dawo miki. Na ce ai wannan nake nema tun tuni.

Muka shirya zane ashirin, muka buɗe shago a wata kasuwar yanar gizo. Wata 'yar Sudan mazauniyar Turai ta gani ta ce tana so. Ana gab da ciniki sai masu kasuwar yanar suka rufe mini shago, wai ɗaya daga cikin zanen kwafi ne, wani mutum a Khartum ya riga ni yi masa rajista da wata uku. Suka ba ni mako biyu in kawo hujja, in ba haka ba su kore ni, sunana kuma ya tafi a matsayin mai satar fasaha. Zanen da ake magana a kai shi ne Zango, zanen gidanmu, wanda Gwaggo, yayar mahaifina, ta koya mini a Umdurman ina budurwa. A shafina mutumin ya kwashe shi. Da na leƙa nasa shafin sai na ga sanarwa, ranar Asabar zai koyar da matasa yadda ake cin kuɗi da NFT a wani shagon gahawa. Na ce madalla, ɗaliba na nan zuwa.

A Sinnar muka hau babbar bas. Kuɗin da bara ya kai ni ya dawo da ni, bana zuwa kawai ya biya, kuma mai yankan tikiti bai ma ɗaga kai ya ce mini malesh, wato yi haƙuri, ba. An ce bas ɗin mai sanyi ce. Sanyin ya yi mana rakiya zuwa bakin gari ya koma. Daga nan sai fifita da kwali har Madani, ga gonakin Jazira shimfiɗe hagu da dama, ruwa na kwance a magudanai, shanu na ƙetare titi ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Matar da ke gefena ta kama hannuna ta juya shi gaba da baya, ta tambayi wace hannana ce ta yi mini. Da na ce ni ce, sai ta fito da waya za ta ɗauki hoto. Na janye hannuna cikin tob. Baiwar Allah ba ta san ta taɓa inda ke ciwo ba.

Mun tsaya karin kumallo a Madani. Ful ne, wato dafaffen wake, da man riɗi da ɗan cuku a kai, ga ta'amiya, ƙosansu, mai zafi, sai dai burodin ya ƙanƙance, loma biyu ka neme shi ka rasa. Ƙawata ta ci uku tana ƙorafi. Bayan Hasahisa titi ya fara ramuka, direba na kauce wa ɗaya yana faɗa wa biyu, wani dattijo a baya yana ta salati, mu kuma muna amsa masa don dole.

Azahar ta gota muka sauka Khartum, a tashar Suk al-Shabi. Wanda bai taɓa sauka a wurin nan ba, ya riƙe jakarsa da kyau ya kuma riƙe haƙurinsa. Masu kiran mota, masu baro, masu ruwan lemo, kowa da kai yake magana lokaci guda. Mai raksha, keke mai ƙafa uku, ya faɗa mana kuɗi da miliyan, ƙawata ta dafe ƙirji, sai na tuna mata mutanen birni har gobe dubu suke kira miliyan, tun lissafin tsohon jinai, kuɗin ƙasarmu. Ko a hakan ma ya yi tsada. Muka bi hafla, ƙaramar bas ta gari, muka ƙetare gada zuwa unguwar Hajj Yusuf, gidan yayata. Kwandasta ba ya magana, yatsu kawai yake kaɗa maka ka miƙo kuɗi, kai ma in za ka sauka yatsu za ka kaɗa. Ni da lalle ya busar wa yatsu na yi ta fama ba su yi ƙara ba, har muka wuce layinmu.

Mun tarar an ɗauke wuta tun safe. 'Ya'yan yayata ina yi musu Hausa suna mayar mini da Larabci, na ce zan tattara su in tafi da su Mai Wurno wata guda su dawo daidai. Da la'asar muka fita sayen agashe a bakin titi. Mai agashen yana ta Larabci da masu saye, na matsa na ce masa, "Baba, a ƙara ƙuli, kada a yi mana rowar yaji." Ya ɗago ya dube ni, ya washe baki, ya tambayi 'yar gidan wa ce. Ya ƙara mana tsinke biyu kyauta. Daga nan na kira Gwaggo na ce mata wani ya saci Zango ya sa a kasuwa, kuma in Allah ya yarda zan kawo mata ɓarawon har gida. Ta ce Allah ya kawo mu lafiya. Yadda aka yi ya samu zanen, wannan ban gaya mata ba.

Ranar Asabar muka isa shagon gahawar da hantsi. Wuri ne mai gilashi da janareto, kuɗin kofi ɗaya zai sayi shayin mako guda a wajen mai shayin bakin titi. Mutane sun kai talatin, kowa da kwamfuta a cinya, kowa ana ce masa bashmuhandis, wato babban injiniya. Mutumin da nake nema yana gaba, magidanci ne mai ƙaramin gemu da tattausar murya. Gaskiya ya iya bayani. Ya yi maganar mawaƙan da ke sayar wa masoyansu waƙa ba dillali a tsakani, da masu hoto da ke samun kaso duk lokacin da aikinsu ya canja hannu. Na ma ƙaru da shi, ba zan ɓoye ba. Sai ya ce bari ya nuna misali da nasa aikin, ya haska bango. Ga Zango, ɗigo bakwai a tafin hannu da zobe kewaye da su, an yi masa ruwan zinare, a ƙasa an rubuta wai gadon tsoffin sarakunan Nilu ne.

Ƙawata ta riƙe mini gefen tob. Na fizge na miƙe.

"Ya bashmuhandis, wannan zanen a shafina ka ɗauka."

Ya yi murmushi irin na mai lallashin yaro. Ya ce lalle ai gadon jama'a ne, ba shi da mai shi, kuma kundi ya nuna shi ne na farko, kundi ba ya ƙarya. Da ya ji daga inda na fito sai ya ƙara da cewa bai san Fallata ma, sunan da suke kiran mu 'yan asalin ƙasar Hausa, sun shiga harkar nan ba. Wasu suka yi 'yar dariya. Wallahi a nan kunnuwana suka yi zafi. An haife ni a ƙasar nan, an haifi ubana da kakana a ƙasar nan, amma kullum sai an nemo mana suna an ajiye mu a bakin ƙofa. Na ce mun shiga, kuma ba fita za mu yi ba. Sannan na nuna bangon na ce, a nawa zanen zoben nan bakinsa a buɗe yake ta wajen babban yatsa, me ya sa naka a haɗe? Ya ce kuskuren hannu ne ya gani, ya gyara da kwamfuta. Na ce to, gobe ka zo Umdurman ka gaya wa tsohuwa mai zanen cewa ka gyara mata kuskure.

Wayoyi sun riga sun tashi sama ana ɗaukar mu, ba shi da yadda zai ce a'a. Na kuma lura idonsa ya yi haske da ya ji akwai tsohuwa mai zane. Ina jin lissafinsa shi ne zai samo wasu goma a wajenta. Ya karɓi kwatance.

Washegari muka yi sammako don an ce wani lokaci ana rufe gada ba sanarwa. Mun samu a buɗe, Farin Nilu na gudana a ƙasa abinsa. Muka fara shiga Kasuwar Umdurman neman tsaraba. Nan kam raina ya ɗan yi sanyi. Layin maƙera ƙarar guduma ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, layin teloli kekuna na ta gudu, layin kayan ƙamshi kuwa ko ba ka saya ba tufafinka sun saya. Na auni garin lalle mai kyau da man mahalabiya da muke shafawa kafin lalle, na saya wa Gwaggo sukari da gahawa, na sha yawo kafin na sami goro a wajen wani Bahaushe da ke ɓoye shi cikin jiƙaƙƙen buhu kamar zinare. Huɗu na iya saya.

Gidan Gwaggo tsohon ginin ƙasa ne a cikin lungu, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Na tarar ta sa an share, an shimfiɗa sabon zani a kan angarib, gadon igiyar da take zama a kai. Na ce Gwaggo, ɓarawo za ki yi wa shimfiɗa? Ta ce baƙo dai, ki iya bakinki. Mutumin ya iso da kwamfutarsa a rataye. Ta ba shi ruwa, ta ba shi shayi da dabino, ta tambayi iyayensa da unguwarsu, ashe ma ta san wata innarsa. Ni ina gefe ina cika ina batsewa. Sai da ya shanye ta ce ya nuna mata.

Ta daɗe tana kallon allon kwamfutar. Sannan ta jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, ta fito da hoton aurenta, baƙi da fari, gefensa ya cinye. A hoton tana zaune ta buɗe tafukan hannu a cinya, ga ɗigo bakwai, ga zobe da bakinsa a buɗe. Ta yi masa bayani da Larabci tsaf, a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Kakarta ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ita da mijinta, da niyyar Makka. Sau bakwai suna yada zango su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri su ƙara gaba. A nan mijinta ya rasu, guzuri ya ƙare, ta zauna tana lalle har ta mutu ba ta ga Ka'aba ba. Ɗigo bakwai zangon nan ne. Zoben kuwa ba a haɗe bakinsa, don tafiyar ba ta ƙare ba. Ba a rufe shi sai a hannun 'yar gidan da ta je ta sauke farali ta dawo, kuma tun daga kakar har yau mata biyu kacal aka rufe wa. Gwaggo ba ta cikinsu.

Ta sa yatsa a kan allon daidai inda ya haɗe. "Ɗana, wa ka kai Makka a cikinmu da ka rufe?"

Murmushin nan na shagon gahawa na neme shi na rasa. Can ya ce, "Malesh ya Hajja, wallahi ban sani ba." Ta ce ta san bai sani ba, shi ya sa ake tambaya kafin a ɗauka. A gabanmu ya buɗe asusunsa ya yi abin da suke kira ƙona shaida, wato ya tura ta wani asusu da babu mai mabuɗinsa, ba mai iya saye ko sayarwa har abada. Ya rubuta wa masu kasuwar cewa shi ne ya kwafa, ƙawata ta karanta Turancin sau biyu kafin ta bari ya aika. Gwaggo ta tambaya ko yanzu an goge. Ya sunkuyar da kai ya ce a'a, kundin ba ya goguwa, duk mai bincike zai ga an taɓa yi, da sunansa, da zoben a rufe. Ta ce, "To." Ban taɓa jin "to" mai nauyin wannan ba.

Ya tafi bai ko tambayi sauran zane ba. Ni kuwa har na fara gyara zama ina jin kaina, na ci yaƙi. Sai Gwaggo ta juyo.

"Ke kuma, a ina ya gani?"

Jama'a, na tsaya gaban mutum talatin ban ji ɗar ba, amma a nan sai na sunkuyar da kai. Na ce a shafina. Ta ce me ya kai shi shafinki? Na ce talla. Ta ce tallar me? Ƙawata ta tashi wai za ta duba tukunya, alhali ba a ɗora komai ba. Dole na faɗa, cewa Zango na cikin zane ashirin ɗin da na shirya sayarwa, kuma shi matar Turai ta fi so. Na san dokar sarai. Ranar da ta koya mini ta ce ba a yin sa don kuɗi, ba a kuma yi wa bare. Ni ce na yi wa kaina fatawa cewa wannan ai a takarda ne, ba a hannun kowa ba.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce shi wancan bai sani ba ya ɗauka, ke kin sani kika kai kasuwa. Ta ce da cinikin ya faɗa, da wata can da ba ta san sunan kakarmu ba ita ce mai takardar Zango, mu kuma masu aro. Na buɗe baki zan yi bayanin kason da ke dawowa, ta ɗaga mini hannu. Ta mayar da hoton cikin gwangwani, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Na nemi ta bari in ɗauki hoton hoton don ƙarin hujja, ta ce ya isa haka. A gabanta na goge Zango daga shafina da cikin jerin ashirin ɗin. Ta karɓi goro ta yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Da muka tashi tafiya ta ce mu gaida gida daga inda take zaune. Tun da nake zuwa gidan nan, Gwaggo ba ta taɓa barina na fita ba ta raka ni bakin lungu ba, ko tana ciwon ƙafa. Na yi ta waiwaye har muka sha kwana.

Mun kwana Hajj Yusuf, da safe muka kamo hanya. Muna wajen Kamlin saƙo ya shigo, an buɗe mini shago, an cire mini tambarin mai kwafi. Kafin Madani matar Turai ta rubuto. Ta ga bidiyon shagon gahawa, ta ce yanzu ma ta fi son Zango tunda yana da labari, za ta ninka abin da ta taya. Na kalli adadin, na kalli rufin bas, na tuna ɗakin da nake son kamawa in buɗe shagon lalle. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da muka wuce gari biyu ina riƙe da wayar. Sannan na rubuta mata cewa ba na sayarwa ba ne, ko nawa ne, ga goma sha tara nan da hannuna ya ƙirƙira in tana so. Ta ce za ta yi tunani. Har yanzu tana tunanin.

La'asar sakaliya muka shigo Mai Wurno, aljihu ya fi yadda na tafi sauƙi. Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Kundin nan na bulokcen hanya ce ta gaske, kuma ba zan bar ta ba don wani ya ga ba a yi ta don irinmu ba. Amma wanda ya riga zuwa kawai yake rubutawa, bai san mai abu ba, bai kuma san abin da bai kamata a kai kasuwa ba. Wannan sai mutum ya tambaya a gida. Zanena goma sha tara suna nan a shago, ko ɗaya ba a saya ba tukuna, kuma ba zan rage ko jinai ɗaya ba. Ku da kuka adana hoton Zango a wayoyinku, ina roƙonku ku goge. Wanda kuma ya sake kwasar mini zane, ya sani yanzu na san kuɗin mota.

Na kira Gwaggo na ce mun sauka lafiya. Ta ce madalla, ta kashe. Sunana na je wankewa kuma na wanke shi a wajen mutanen da ba su taɓa ganina ba, na ɓata shi a wajen wadda ta riƙe hannuna ta koya mini. Da ƙaramar Sallah zan koma Umdurman in durƙusa mata. In ta bar ni na fita ni kaɗai, da babbar Sallah in sake komawa.